Igiyar Baba

Har yanzu akwai shatin igiya a wuyan hannunta na dama.

Shekara bakwai tana gudu da mahaifinta makaho, gajeriyar igiya a tsakaninsu. Shi yake zaɓar tseren, kullum wanda ya bi bakin ruwa. "Ke ce idona," yakan ce, "to ki daina rowar labari." Sai ta yi ta faɗa masa launin tafki, da tsuntsaye, da inda hanya ta karkata.

Wata huɗu da rasuwarsa ta shiga tseren tafkin, don ta ga ko za ta iya ita kaɗai. Igiyar dai ta ɗaura, hannu ya saba.

A ƙarshen tseren wata dattijuwa ta dafa ta tana haki.

"'Yata, tun daga gada nake bayanki. Wa kike ja ne? Igiyar nan a miƙe take, ko sau ɗaya ba ta saki ba."

Ta dubi hannunta. Shatin sabo ne, jawur.

Ta ajiye kofin ruwan da aka ba ta, ta matsa hagu kaɗan, ta bar wurin mutum ɗaya a damanta, ta kama hanyar gida.