Zukata Huɗu a Baƙin Allo

Luc mai gyaran kwamfuta na bayan babbar kasuwar Garwa, shi ya fara ba ni wannan labari, wata Alhamis da na kai masa wayata ta ƙi ɗaukar caji. Yaron baki gare shi, hannu na aiki harshe na aiki. Bai faɗi sunan mutumin da labarin ya shafa ba, amma sunansa Alhaji Mas'udu, mai sayar da yadi.

Ranar Talata Alhaji ya shiga shagon yana jan ƙafarsa ta hagu, da kwamfuta naɗe cikin ragowar shadda. Ya ajiye ta a hankali kamar jariri. Ya ce ta ƙi tashi, kuma ko ta yaya sai ta tashi kafin Juma'a.

Luc ya kwance ta, ya shinshina, ya girgiza kai. Ƙwaƙwalwar ta ƙone. Abin da zai iya kawai shi ne ya ciro ma'ajiyarta ya dasa a wata kwamfutar, duk abin da ke ciki zai dawo. Alhaji ya tambaya ko baƙin allon ma zai dawo. Luc ya ce wane baƙin allo?

Nan tsoho ya zauna a kan benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Kwamfutar ta autansa ce, Ridwan, wanda ya samu aikin haɗa na'urori a Tibati. Yaro ne da ba ya son waya, in ka kira shi kalma uku ya gama. Uwarsa ta yi ƙorafi har ta gaji. Sai ya zauna ya rubuta wata 'yar dabara da hannunsa. A baƙin allo za ka buga kalma ɗaya, "inna", sai na'urar ta faɗi abin da ke cikin kanta: sunan ƙwaƙwalwarta, saurinta, zafin jikinta, kwanan wata, da zukata nawa ke bugawa a cikinta. Huɗu ne, jere. A gefe kuma kifi, an zana shi da haruffa. Da ka buga, hoton shafin ya tafi wayar uwar da kansa.

Uwar ba ta yi nisa a boko ba, faransancin da ke shafin ba ta gane shi. Amma ta iya ƙirga huɗu. Duk Juma'a bayan masallaci sai ta ɗora yatsa ta ƙirga, ta ce yaro na nan lafiya.

Mako shida da suka wuce, kwale-kwale ya kife da Ridwan a tafkin Mbakaou, kusa da Tibati. A lokacin uwar tana kwance a asibiti da ciwon zuciya, likita ya ja kunnen Alhaji kada a gaya mata abin da zai girgiza ta. Alhaji ya ce mata zai je sarin kaya. Ya je ya binne ɗansa cikin mutanen da bai sani ba, ya dawo da kwamfutar ya ɓoye ƙarƙashin yadi a shago. Ya dawo mata da busasshen kifi, ya ce saƙon yaro ne.

Tun daga nan, duk Juma'a, mutumin da ko lambar waya sai an danna masa, shi ke rufe ƙofar shago ya buga haruffa huɗun nan da yatsa ɗaya.

Luc ya yi aikin ranar Laraba. Ya cire intanet tukuna don kada hoton ya tafi wayar uwar, ya buga kalmar. Kifi ya fito. Kwanan wata ya fito. Zukata kuwa takwas.

Alhaji ya ƙirga sau biyu. Ya ce a mayar da su huɗu. Luc ya ce ba shi ya rubuta takwas ɗin ba, dabarar na'urar take tambaya, ita kuma abin da ke cikinta take faɗa. Ya leƙa rubutun Ridwan ko zai iya murɗa shi, ya ga ya fi ƙarfinsa. Ya zaga shagunan abokansa neman irin tsohuwar, babu. Alhaji ya ce to a tura tsohon hoto. Luc ya tuna masa kwanan wata.

"Papa Alhaji, ka ce mata ya sayi sabuwa mana."

"Shekara arba'in da ɗaya muna tare," in ji tsoho. "Da yatsa na iya yi mata ƙarya. Da baki, tana kallon idona, ba zan ƙara iyawa ba."

Ya naɗe sabuwar cikin shaddar nan ya fita. Luc ya ce ya ga ya tsaya a bakin titi, masu babur na ta yi masa magana bai ji ba.

Da Luc ya kai nan a labarinsa sai ya sa wa wayata caji, ya kira ni da sunan da ake kiran iyaye mata a Garwa, ya ce, "Dada, ke da kin ga duniya, me za ki ce wa mutumin nan?" Na ce babu. Ya kai hannu zai kunna ta ya gwada, na karɓe abata na ce a gida zan kunna. Ya ce ruwa ne a idona? Na ce hayaƙin dalmarsa ne.

Washegari Juma'a na tashi na dama kunun gyaɗa, na dafa ragowar busasshen kifin nan da nake ta adanawa, na cinye shi ni kaɗai a bayan ɗaki. Bayan masallaci waya ta yi ƙara. Can sai ga shi ya shigo yana jan ƙafarsa ta hagu, ya kasa ɗaga kai. Na ɗora yatsa na ƙirga har takwas, sannan na riga shi magana, na ce, "Alhaji, zo ka gani, Ridwan ɗinmu ya yi sabuwar kwamfuta."