Tumatirin da Ba Wanda Ya Shuka

Tunda yau an ɗora ka a kan tsaftar gari, zauna in ba ka misalin wani duba-gari. Ƙaramar hukumarsu ta sayi motar yashe masai, aka rasa inda za a riƙa juye abin da ta kwaso, sai aka ce shi ya zaɓa. Ko a haƙa rami a daɓe shi a riƙa binnewa, ko a ƙone, ko kuwa a shanya dagwalon a fili ya sha rana har ya zama taki. Wani tsohon manomi ma har ofis ya tako ya ce, "Ranka ya daɗe, in ya bushe ku ba mu, gonakinmu sun gaji." To amma shanya tana son haƙuri da jure mitar masu toshe hanci, shi kuwa mutumin naka gangar jikinsa ce kawai a ofis. Zuciyarsa tana can fadama, a lambun da ya gada, inda mahaifinsa ya haƙa wata rijiya mai sanyi da garɗi. Kullum bayan azahar, fanka na juyawa a hankali, sai ya lumshe ido ya ga ya yi ritaya, yana kishingiɗe a gindin gwaiba, guga na ɗiga a bakin rijiya, iska na kaɗa ganyen ayaba. Don dai a ƙyale shi da mafarkinsa, ya nuna wa direba wani kwazazzabo can bayan dutse, inda ido ba ya kaiwa balle hanci. Gari ya yi fes, aka yi ta sa masa albarka.

Shekaru suka shuɗe, ritayar ta zo. Ya isa lambu da tabarmarsa, ya zura guga, ya kai baki, ya furzar. Ya zargi gugan, ya zargi maƙwabta, ya sa aka yashe rijiyar, ruwa dai na nan da ɗoyinsa. Wata safiya sai ya hangi tumatir jajaye a gefen ƙoramar da ke ratsa lambun, ba kuwa wanda ya shuka. Ya bi su kamar mai tafiya cikin barci, wannan ya miƙa shi ga wancan, suna ta sheƙi cikin raɓa, har suka zagaya da shi bayan dutse. Nan ya tsaya. Ƙwayar tumatir ba ta narkewa a cikin ɗan Adam. Yadda aka ci ta a miya haka take fita, mota ta kwaso ta, damina ta gangaro da ita tare da sauran kayan. Baƙin ciki ya rufe shi, don ba shi da wanda zai kai ƙara. Ya koma da kansa ya jawo ƙaya ya rufe bakin rijiyar mahaifinsa, kada yara su sha.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ruwa ba ya tsami banza.