Turaren Tsinke a Sanyuanli

Ina yarinya, wata la'asar na raka Baba shagon tufafi a Sanyuanli, wata unguwar 'yan kasuwa can a ƙasar waje. Tsohon mai shagon yana kunna wa gunkinsa turaren tsinke, sai ya miƙo mini ɗaya cikin wasa. Baba ya karɓe, ya mayar masa yana murmushi.

A tasi ya ce, "'Yata, ɗan turare kamar wannan aka ce Kiristocin farko su ƙona wa sarkin Rum. Suka ƙi, aka sakar musu zakuna. Shi ya sa muke kiransu tsarkaka."

Shi Baba, ranar da aka kashe shi a hanyar coci bayan mun dawo ƙasarmu, ko tambayarsa ba a yi ba ko zai bar addininsa. Yau ba mai kiran sunansa sai ni.