Inda Tsuntsu Ya Juyo

Tun da aka kawo tsuntsayen nan marasa tashi daga Kudancin Amurka, doka ta ce iyakar filin kowane gida ita ce inda tsuntsunsa ya taka ya juyo a kowace rana. Na Lantana kuwa ya fara ɗingishi.

Da hantsi ta ɗauki guga ta nufi rijiyar da marigayi mijinta ya haƙa, sai ta tarar da tsuntsun maƙwabcinta Tanimu yana tono a wurin.

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Tanimu, kansa a sunkuye. "Naki bai iso nan ba yau."

Ta koma gida da gudu, tana watsa wa tsuntsunta gero har zaure. "Taso, don Allah, taso!"

Tsuntsun ya dubi geron, ya ja ƙafa, ya shige ƙarƙashin gadonta.