Fatalwar Tsakar Rana

Ludayin ƙarfen da Madam Rybak ta nuna shi da shi duk ya lotse, amma Trent Halvorsen bai tsaya dubawa ba, baya ya ja.

"Ɗan nan, sauka mini daga matakala. Yanzu na share ta."

"Madam, ki saurare ni mana. Sabon gida ne fa, a bene, tagarsa na kallon tafki."

"Tafkin da nake kallo tun ubanka na yawo ba wando? Ƙaro wani abin."

"Akwai lif, ba sai kin taka matakala ba."

"Ƙafafuna ne suka kai maka ƙara?"

Trent shi ne manajan sabuwar kasuwar da aka buɗe a cikin tsohon kamfanin narka ƙarfe, nan bakin Tafkin Erie. Masu kasuwar sun gaya masa ba wasa: ko ya samo wurin ajiye motoci, ko ya nemi wani aikin. Filin da ya dace kuwa yana tsallaken titi, inda dā kamfani ya jera wa ma'aikatansa gidaje, yana ɗumama musu su da tururinsa ta bututun ƙarƙashin ƙasa idan hunturu ya kama. Duk an rushe su. Na Madam Rybak kaɗai ya rage a tsakiyar fili, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho.

Ita ko, kullum ya zo sai ta yi masa labarin marigayi mijinta Kaz. Wai bai taɓa ɗaura agogo ba, bai taɓa ɗaukar kwanon abinci zuwa aiki ba, kuma bai taɓa cin abinci mai sanyi ba. Trent yakan gyaɗa kai kawai, hankalinsa na kan motoci.

Motocin nan kuwa fatalwa ce ta kawo su. Da aka buɗe kasuwar, ƙuda ma sai ya ga dama yake shiga. Sai wata ɗaliba ta ɗauki wani ƙara a wayarta: rana na take tsaka, tsohon bututun da aka bari a bango don ado ya yi ƙwan, ƙwan, ƙwan, ba kowa kusa da shi. Kafin a ankara, mutane na zuwa har daga birnin Buffalo. Aka buga riguna da hoton fatalwa, mai kofi ya sa wa kofinsa sunanta. Ranar Lahadi ba ta motsi, mutane suka ce ai 'yar ƙungiyar ƙwadago ce.

Mai gyaran famfo ya bi bututun har inda ya nutse cikin ƙasa, ya ce busasshe ne tun rufe kamfani. Tsofaffin ma'aikata da ke zama a bencin ƙofa kuwa, in an tambaye su, sai su haɗiye dariya su ce su dai in sun ji ƙarar yunwa take sa su.

Da lallashi ya ƙi ci, Trent ya sa aka kawo katafila aka girke ta a ƙofar Madam Rybak. Ba don a rushe ba, don dai ta tsorata. Ta leƙo, ta kalle ta sama da ƙasa, ta shanya mata tawul a hanci.

Washegari kasuwa ta cika, kowa ya ɗaga waya. Tsakar rana ta zo ta wuce. Shiru. Jibi ma shiru. Mako bai zagayo ba mai riguna ya fara naɗe kayansa, masu kasuwa suka fara kiran Trent suna tambaya me ya yi wa fatalwarsu. Ya sa maigadi ya ɓuya bayan bango ya buga bututun da sifana. Wata yarinya ta hango takalminsa, aka yi musu ihu har titi.

"Manaja," in ji tsoho Ziggy daga kan benci, "ka taɓa jin an takura wa maƙwabcin fatalwa an zauna lafiya? Kwashe wancan dodon ƙarfen."

Trent bai yarda da fatalwa ba, amma ya yarda da kora daga aiki. Ya shawo kan masu kasuwa a kai motocin can bayan tashar jiragen ruwa, katafila ta tafi, shi kuma ya tsallaka titi da hantsi, hularsa a hannu.

"Madam, gidanki na nan. Ba mai taɓa shi."

"Dā ma na ce maka zai tafi? Ina son teburin sayar da pierogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu cushe da nake yi, a kasuwarku. Bakin ƙofa, ba kusa da bayi ba."

"Za a duba."

"Duba yanzu, ina tsaye."

"An ba ki."

"Da fentin baranda. Hayaƙin motarka ne ya ɓata ta."

Ya amince da wannan ma. Sai a lokacin ta buɗe ƙofa sosai, ta ce ya shigo ya ci abinci, don ya rame kamar kifin bara. Ya zauna a kicin, miyar kabeji na tururi gabansa, amma idonsa na kan taga. Can tsallake 'yan ragowar masu jira sun taru, in yau ma aka yi shiru, nasa aikin ya ƙare.

Madam Rybak ta sauke tukunya, ta goge ludayin da gefen rigarta, ta miƙa hannu bayan murhu inda wani tsohon bututu ya fito daga ƙasa. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Daga tsallaken titi shewa ta tashi har gilashin taga ya girgiza.

"Ci mana, ɗan nan," in ji ta. "Tun ina amarya haka nake kiran Kaz, kuma bai taɓa bari abinci ya huce ba."