Kaurin Karkashin Ramatu

Ramatu ta tsoma yatsu biyu a ƙwarya, ta ware su a hankali. Zaren yauƙin ya miƙe, bai kai taƙi guda ba ya tsinke. Ta ƙara garin karkashi, ta marmasa 'yar kanwa, ta ci gaba da kaɗawa.

Shekara talatin tana wanke wa matan Haɗeja kai kafin kitso, ta san halin karkashi sarai. Mai ruwa-ruwa yakan zurare ya bushe nan da nan. Mai kauri kuwa, in ya samu itace, sai ya kwanta a kai kamar raɓa, har rana ta take yana nan da santsinsa.

A shekarar 1943 Turawa suka buƙaci mutanen da za su haƙa kuza a Jos. Baƙo, masinjan En'e, shi ke tattara sunaye. Da ya ga saura mutum ɗaya adadi ya cika, sai ya sa sunan Auta, ɗan Ramatu, wanda kowa ya san ƙirjinsa ba lafiya. Sanyin dutse ya kashe shi cikin wata huɗu. Baƙo kuwa aka ƙara masa girma, aka ba shi takalmin fata mai nauyi.

Da ma Ramatu ba ta kiran sunan Baƙo, ba ta haɗa ido da shi.

Kowace Laraba da safe takan wanke kan matarsa Talatu a bayan gidansu, kusa da gungumen giginyar da aka gitta a kan rafi. Ta nan Baƙo ke tsallakawa zuwa wajen kwalekwale. Damina ta yi nisa, ruwa na gudu a ƙarƙashi yana kumfa.

A Laraba ta biyar da fara ƙara kaurin, zaren ya kai kamu guda bai tsinke ba.

"Inna, yau kam miya kika dama min!" in ji Talatu, tana dariya.

"Gashinki ne ya yi tauri, 'yata. Sunkuya."

Da Talatu ta shiga gida, Ramatu ta tuttule ragowar a tsakiyar gungumen, ta wanke ƙwaryarta, ta zauna. Can Baƙo ya fito da sababbin sunaye a aljihu, zai tafi Guri. Taku biyar ya yi. Bayan kwana biyu masunta suka ciro shi a cikin koma.

Di'o, Baturen mulki, ya zo gaisuwa da kansa. Mata na ta kuka, amma ya lura da wata tsohuwa a gefe, idonta a bushe. Ramatu ce.

"Waccan fa?" ya tambayi tafinta. "Suna gaba da mamacin ne?"

"A'a, ranka ya daɗe, kunya ce. A nan uwa ba ta yi wa ɗanta na fari kuka a gaban mutane."