Baƙin Fim na Maharazu Mai Hoto

Fim na uku ke nan da ya dawo daga Kano baƙi ƙirin. Maharazu Mai Hoto ya ɗaga shi sama ya duba da hasken rana, ya juya shi, ya sake dubawa. Babu ango, babu abokan ango, babu ko sabon babur ɗin da suka jingina da shi.

Shekara goma sha biyu yana ɗaukar hoto tsakanin Bunkure da Kura da kyamara ɗaya, 'yar Rasha, mai nauyi kamar dutsen guga. A gwanjon Sabon Gari ya saye ta, shekarar da tumatir ya yi daraja. Irin ta da ce. Ba ta cikin babban idonta na gaba ake leƙe ba, wata 'yar taga ce daban a sama. Idan ka leƙa sai ka ga mutum ya zama biyu, ka yi ta murɗawa har su haɗe, sannan ka danna. Wanda ya sayar masa ya saita sauran lambobin ya ce kada ya taɓa, shi kuwa ya riƙe wannan magana kamar wasiyya.

Kullum da safe matarsa Hajara ce ke fito da ita daga akwati, ta goge, ta rataya masa a wuya a bakin zaure. In ya dawo ta karɓe tun kafin ya cire takalmi, wai hannunsa duk ƙasar gona ce. Da damina Allah ya yi wa Hajara rasuwa. Bayan sadakar arba'in ya buɗe akwatin da kansa, ya rataya wa kansa. Tun daga ranar hoto ya ƙi fita.

Da farko ya ce fim ɗin jabu ne. Ya canza fim. Sannan ya ce masu wankin hoto ne 'yan koyo. Ya canza shago. Da aka ba shi shawarar ya kai ta wurin mai gyara, sai ya ce hannun Hajara ne na ƙarshe da ya goge ta, kuma babu ƙaton da zai shafa mata maiƙo.

A majalisar bakin tasha kuwa an samu abin yi.

"Malam Maharazu, hoton namu da tsakar dare ka ɗauka ne?"

"A'a, wuta aka ɗauke a cikin kyamarar."

Shi dai zarginsa ya tsaya a kan Lukmanu, wani matashi da ya dawo daga birni da kyamarar zamani mai nuna maka fuskarka nan take. Maharazu ya je wurin malami ya karɓo turare. Ya yi wa kyamara hayaƙi har shi kansa ya kwana yana tari.

Ana cikin haka Alhaji Sunusi, shugaban ƙungiyar manoman rani, ya same shi a gona. Duk shekara hoton Maharazu ne ke saman kalandar ƙungiya, da sunansa a ƙasa, kuma wannan sunan ne ke kawo masa aikin biki da suna.

"Mutane na so a ba Lukmanu," in ji Alhaji. "Na ce a yi maka uzurin rashi. Ranar Asabar za mu taru a bakin kanal ɗin ban ruwa ka ɗauke mu hoto. In ya sake fitowa baƙi, wallahi ba ni da bakin da zan kare ka."

Ranar Juma'a 'yarsa Hawwa ta zo daga Madobi, inda take aure, don ta duba shi ta wanke masa kaya. Bai gaya mata komai ba. Mutum ba ya zama gaban 'yarsa ya ce aiki ya fi ƙarfinsa. Ya dai ƙara turare, wannan karon ninki biyu.

Da safe ya fito wanka ya tarar ta riga shi zuwa akwatin. Tana tsaye a bakin zaure da kyamara a hannu tana gogewa da gefen mayafi. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya ga yadda ta riƙe igiyar sak mahaifiyarta, ya sunkuyar da kai ta rataya masa.

"A dawo lafiya, Baba."

Manoma suka jeru a bakin kanal, kowa da babbar riga, kwandunan tumatir a gabansu. Lukmanu na gefe ya harɗe hannuwa yana murmushi. Maharazu ya leƙa, ya haɗe Alhaji Sunusi biyu suka zama ɗaya, ya yi bismilla ya danna. Bai tsaya ba sai da fim ya ƙare.

Hawwa ta koma gidanta ranar Lahadi. Shi kuma ya hau motar Kano da fim ɗin. Da mai wanki ya miƙo ambulan sai da ya nemi benci ya zauna kafin ya buɗe.

Ga su nan tar, har haƙorin Makka na Alhaji yana walƙiya.

A majalisa ya baza hotunan a kan tabarma, ya ce duk mai shakkar turaren malam ya matso. Ya aika wa malamin da kwandon tumatir. Ya wuce Lukmanu a hanya ya yi masa sallama mai tsawo. Kafin magariba an ba shi aikin biki uku.

Ranar bikin farko ya buɗe akwati da kansa, ya rataya kyamara, ya leƙa ta 'yar tagar ya ga tsakar gida fes, ya hau keke yana 'yar waƙa.

A gaban idon kyamarar kuwa, wani baƙin murfi yana zaune daram inda Hawwa ta mayar da shi bayan ta cire shi da safen Asabar, murfin da mahaifiyarta ta shekara goma sha biyu tana cirewa kowace safiya ba tare da ta ga abin faɗa a ciki ba.